Kawuna Maharbi Ya Tafi Bai Sallami Ɗana Ba

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Wannan kowa ya faɗa ranar da muka rasa Kawu, ƙanin mahaifiyata. Abin da ya biyo bayan kalmar ne ya bambanta daga baki zuwa baki.

Ni ina ciki wurin mata, amma na leƙa ta zaure na ga ƙofar gidansa a Ƙofar Durbi. 'Ya'yansa maza biyu, ma'aikacin gwamnati da mai shagon yadi a Babbar Kasuwa, suna kan tabarma suna amsa gaisuwar abokansu masu motoci. Can jikin katanga kuwa maharba ne a tsugune, tsofaffi da samari. Sun bar karnukansu a gida don girmama mamaci, sai suka zama kamar ba su san inda za su ajiye hannuwansu ba. Wani dattijon Bafulatani ya taso daga rugarsu, ya turo matarsa ciki da ƙwaryar nono. Ta ce maigidanta ya ce a gaya wa iyali, tun da yake kiwo, karen wannan bawan Allah bai taɓa tarwatsa masa maruƙa ba.

Wata tsohuwa a gefena ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, mutum mai haƙuri."

Na ce, "Haƙuri kam bai da shi, Iya. A roƙa masa gafara da abin da yake da shi, yana da yawa."

Gwaggona ta mintsine ni a cinya. Ban janye maganar ba, kuma a nan ma ba zan janye ba. Kawu mutum ne mai zafin rai, mai tsawa, wanda in ya ce a'a, ko liman aka ɗauko masa ba zai sake ba. Ina rubuta wannan ne don kada a shafa masa halin da ba nasa ba, a binne na gaskiyar tare da shi. Ni sai da na haifi 'ya'ya biyu na san yadda ake riƙe biro, don haka wanda ke neman ƙawataccen rubutu ya yi haƙuri da ni.

A kan karatun nan nawa ma na fara sanin ko wane ne Kawu. Lokacin da na shiga makarantar manya, dangin maigidana sun yi ta dariya, wai gemu ne kawai ba ni da shi amma zan je in zauna ina "a, ba, ca". Ɗiyata tana goye a lokacin, ga ta da kuka, malamarmu har ta fara cewa in nemi mai raino ko in haƙura. Ban gaya wa Kawu ba, ban san wa ya gaya masa ba. Na dai fito daga gida wata rana na tarar da shi a jingine da kekensa. Ya ce, "Miƙo ta nan, ki wuce." Haka ya riƙa zama gindin dalbejiyar da ke ƙofar ajinmu, maharbin da samarin unguwa ke tsoron haɗa ido da shi, da jaririya a cinya, yana jijjiga ta da hannunsa na hagu, wanda adaka ta fashe ta cinye masa yatsu tun yana saurayi. Adaka ita ce bindigar maharbanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tun daga lokacin ya laƙaba mini Malama, kuma bai taɓa faɗin sunan ba tare da tsokana a ciki ba.

To wanda ya yi mini wannan, shi na kai wa ƙara ranar da na zazzage jakar makarantar babban ɗana na ga guntun bututun ƙarfe a ɗaure jikin katako, da ƙullin kan ashana da aka kankare. Yaron yana aji ɗaya na sakandare. Na zane shi sosai, sannan na ja hannunsa har zauren Kawu, na jefa abin a gabansa. Na ɗauka zai ƙara masa.

Ya ɗauki bututun, ya juya bakinsa ya kalli bango, ya shinshina. Ya dubi yaron ya ce, "Kai, ragon maza, ka taɓa tayar da ita?"

Yaron ya ce sau ɗaya, bayan makaranta.

"Wa ke gabanka?"

"Ba kowa, Kaka."

"Wa ke bayan katangar da ka harba?"

Yaron ya ce bai leƙa ba.

Kawu ya juyo gare ni. "Malama, duka bai hidda wanga abu. Na sani, don an yi mini wanda ya hi wannan. Yaron ga zai shiga daji, ko kina so ko ba ki so, ko da saninki ko a ɓoye. Abin da ya rage miki zaɓi ɗaya ne: shi shiga da sani, ko shi shiga da jahilci. Ki ba ni shi."

Na ce, "In ba ka shi yaushe? Da safe boko. Su dawo su ci abinci, su yi la'asar, sai Islamiyya har kusan magariba. Asabar da Lahadi hadda da safe. Alhamis da ba Islamiyya na sa shi darasin lissafi. Juma'a wanki, ga kai ɗinki gidajen mutane, ga niƙa. Ubansu yana kan hanyar Kano da motar haya, sai ya ga dama ya kwana gida. Ni ga keken ɗinki a gabana, ga nawa ajin da yamma. Ka nuna mini inda zan yanko maka lokaci, Kawu. A hana ni karatu ina yarinya, sannan in ɗebi na ɗana in ba karnuka?"

Ya ajiye bututun a gefe. Na ɗauka na yi nasara.

Washegari bayan la'asar, yara sun saka kayan Islamiyya za su fita, sai ga shi a ƙofar gida, ba keke, da karan dawa guda biyu a hannu, kowanne tsawon bindiga. Ya shafa wa kan kowanne baƙin tukunya. Ya ce, "Daga nan zuwa Islamiyya tahiya ce, ko ba tahiya ba ce? To ita nike so. Ban taɓa miki boko ba, ban taɓa miki allo ba. Hanya ta Allah ce."

Ya miƙa wa yaron ɗaya. Ya ce wannan kara daga yau bindiga ce, kuma a ɗure take, inda baƙin yake nan ne bakinta. Zai ɗauke ta daga gida zuwa makaranta, ta cikin lungu, ta gaban masu kayan miya, ta tsakanin 'yan acaɓa da awaki, kuma bakin nan ba zai kalli ɗan Adam ba ko sau ɗaya. Sama ko ƙasa. Ranar da ya kalli mutum, duk kwanakin da aka tara sun zube, a koma farko. Sai ya yi damina da rani a haka kafin ya taɓa ƙarfe.

Ɗaya karan ya miƙa wa ɗiyata. Na ce, "Ita kuma fa? Farautar za ta?"

Ya ce, "Wa ke share ƙarƙashin gado a gidajen maharba? Wa ke hura wuta kusa da inda wani sakarai ya rataye jakar albarushi? Matan da bindiga ta kashe a ɗaka ba su taɓa ganin daji ba. Karɓi nan, amarya."

Ta karɓa tana murguɗa baki. "Ni fa na gaya maka, Kaka, ba ni auren tsoho mai guntun hannu."

"Da hannun ga na yi rainonki, mara kunya. Sauke bakin bindigarki, kin auna mini ciki."

Unguwa ta sha dariya. Tsoho a gaba, yara biyu a baya da hijabi da hula da karan dawa, kamar masu korar kaji. Akwai wanda ya tare ni a hanya ya ce ko Kawu ya fara ruɗewa ne. Amma kafin wata ya zagayo, yaran maƙwabta sun fara bin su da nasu karan, iyayensu kuma ba su hana ba, don ba a taɓa ganin yaran layinmu sun isa Islamiyya a kan lokaci kamar wannan zamanin ba. A ƙofar makaranta yakan karɓe karan duka, ya ɗaure, ya zauna wurin mai shayi har a tashi, su juyo tare.

A hanyar nan ya koya musu duk abin da baki zai iya koyarwa. Nakan ji suna maimaitawa a tsakar gida. Duk bindigar da ka gani a ɗure take, ko kai ka zazzage ta da hannunka. Kada ka harbi motsi, sai ka ga kunne ka ga ƙafa. In za ka tsallake kwata, ka miƙa wa na kusa da kai, ka tsallaka, ka karɓa. In kun hango ruga, a kama karnuka, a yi sallama da murya tun daga nesa. In kai da wani kun kama zomo ɗaya, kowa na cewa karensa ne ya kayar, ka saki. An sha sare hannun mutum a kan naman da bai cika tukunya ba. Wata rana na ga ɗiyata ta tsaya bakin kwatar ƙofar gida da muciya a hannu, tana jiran wanda za ta miƙa wa. Na yi dariya har na zauna.

Faɗanmu ya zo ne a shekara ta biyu. Yaron ya kusa cika sharaɗi, har Kawu ya fara cewa a goge masa wuri a zaure. Suna dawowa wata yamma, ƙanwarsa ta tsokane shi, ya ɗaga karan ya auna ta ya ce "tau", yana dariya. Kawu ya karɓe karan a tsakiyar titi, ya karya a gwiwa, ya ce an koma farko. Yaron ya shigo gida yana kuka irin na manya, wanda ba sauti. Ya ƙi cin abinci. Ga jarrabawa a gabansa, ya buɗe littafi ya zuba masa ido kawai.

Na yafa mayafi na tafi. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Kawu, kara ne fa. Karan dawa. Wasa yake da ƙanwarsa. Ka karya mini zuciyar yaro ana gobe jarrabawa a kan abin da akuya ke ci?"

Ya ce, "Da wasa ake yi. Kin taɓa jin wanda ya harbi ɗan'uwansa a daji ya ce da gaske yake?"

Na ce shi dai mugunta ce ta tsufa, ya saba da karnuka ya ɗauka haka ake horon mutane. Na faɗa, kuma ya ji.

Ya miƙe tsaye. "Na taɓa ɗauko mutum a kahaɗar nan daga daji har bakin titi. Wanda ya harbe shi yana biye da mu yana ihu yana cusa ƙasa a baki. Ƙwarya ɗaya suka sha hura da sahe. Ke kina da takarda, ni wannan nike da shi. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Na hana yaran zuwa, shi ma bai zo ba. Muka yi makonni a haka, in mun haɗu a gidan suna in gaishe shi a daƙile, ya amsa yana kallon wani wuri. Har yau ina ganin ya tsananta, kuma da zai dawo da na sake gaya masa. Shi ma na san bai taɓa ganin ya yi kuskure ba. Ranar da aka gama jarrabawa dai, bayan la'asar, na ji ana buga ƙyauren gida da kara. Kawu ne. Ya ce, "Malama, a ba ni ruwa, in bakin ya huta." Na kawo masa a kofin maigidan. Iyakar sulhun da muka yi ke nan.

Yaron ya sake daga farko, ya kai ƙarshe. Na janye darasin lissafin Alhamis zuwa Juma'a, na ɗauke masa kai ɗinki na ɗora wa kaina, don ya samu yammacin Alhamis a zauren kakansa. A nan ya fara taɓa adaka, ba komai a cikinta: yadda ake ɗauka, yadda ake miƙa wa wani, yadda ake wanke ta, yadda ake duba ko ƙarfen ya tsage. Abu biyu suka rage. Awon albarushi, wanda kuskurensa ne ya cinye yatsun Kawu, da shiga daji sau ɗaya a bayansa, ya ga yadda yaron zai yi in nama ya tashi jini ya hau kai. Kawu ya ce sai an yi girbi, ciyawa ta kwanta. Dajin yanzu ba na da ba ne, kusa za su tsaya, inda ya san kowa kowa ya san shi.

Bai ga girbin ba. Ciwon ƙirji ya kayar da shi ana tsakiyar damina, aka kwantar da shi asibiti. Na kai masa kunu wata safiya, na tarar ya rame har hannun nan mai guntun yatsu ya zama kamar na yaro. Ya sa aka fitar da kowa. Na zaci wasiyyar gida zai yi.

Ya ce, "Ban sallami ɗanki ba. Kin ji ko? Za su zo su ce miki ya iya. Ya iya rabin da ke sa mutum shi ɗauka ya iya, wannan ya hi jahilci haɗari. Ba ubanshi na ba wa amanar ba, shi da an matsa mashi zai ce to. Ke na ba wa, don ke ba ki jin magana."

Na ce, "A wurin wa na gado?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na gani.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Bayan an share makoki, 'ya'yansa suka ce su ba su da abin yi da adaka, a ba jikan da ya sha wahalarta. Da kaka ta yi, samarin maharba suka zo har zaurenmu, da ladabinsu, suka ce za a fita farautar farko, suna so jikan tsoho ya hau mota tare da su, don a ji kamar yana nan. Maigidana ya shigo yana murmushi ya ce, "Ai girmamawa ce. Mutanen Kawu ne, za su kula da shi."

Na ce ba za shi ba. Na ɗaga murya yadda na zauren za su ji ba sai an kai musu ba.

Yaron ya biyo ni madafi. Ya fi ni tsawo yanzu. Ya ce, "Umma, Kaka da bakinsa ya ce saura kaɗan."

"Ya ce an gama?"

"To wa zai gama mini? Ya tashi daga kabari?"

Ban mare shi ba, don tambayar gaskiya ce. Na naɗe adakar a tsohon zane, na hau keke napep da ita har ƙauyen aminin Kawu, wani tsohon maharbi da suka yi ƙuruciya tare, wanda gwiwa ta hana shi zuwa ko jana'iza. Na ajiye ta gabansa na gaya masa inda aka tsaya. Ya daɗe yana shafa ta. Ya ce zai ƙarasa, amma shi ba ya iya shigowa birni, kuma idonsa ba ya gani sosai sai da hantsi, don haka sai dai safiyar Asabar. Ya ce kuma kada in yaudari kaina, bana yaron ba zai shiga daji ba, sai ya ga hannunsa da idonsa tukuna.

Safiyar Asabar ta hadda ce. Ni da ban taɓa yarda a taɓa wa ɗana awa ɗaya ta karatu ba, na je na durƙusa gaban malaminsu na roƙi Asabar, na ce zai biya da yammacin Alhamis, tunda zauren da yake zuwa an rufe shi. Malam ya ce, "A kan farauta, Hajiya?" Na ce ban je Makka ba tukuna, kuma a kan rai ne. Ya ba ni.

Na dawo na gaya wa yaron. Da ya ji "bana ba zai shiga ba", ya tashi ya bar mini wurin. Kwana da kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƙanwarsa ta raɗa mini cewa abokansa sun ce ya zo kawai, ba sai da adaka ba, za su ara masa gora, in mota ta tashi wa zai sauke shi.

Ranar fitar, gari ya waye ina madafi ina dama koko. Maigidan yana hanya. Ban kulle ƙofa ba. Wanda ya kai shekarunsa katanga ba ta tsare shi, kuma ban ga amfanin tsaron da sai da kwaɗo ba. Na ji motar ta shigo layinmu, ganga na tashi, karnuka na haushi, ana busa ƙaho. Ta tsaya daidai ƙofar gidanmu. Na ji ana kiransa da sunan da Kawu ke tsokanarsa da shi. Ludayin yana hannuna, na kasa juyawa in leƙa. Na ce a raina, Kawu, ka ba ni abin da ya fi ƙarfina.

Motar ta daɗe a tsaye. Sannan ta ja, gangar ta yi nisa har na daina jin ta. Tsakar gida shiru. Kokon ya yi gudaji a gabana ina kallo.

Can sai na ji muryarsa daga bakin rijiya, a shaƙe, irin ta wanda ya gama kuka, yana yi wa ƙanwarsa masifa wai wa ya ɗauke masa bokitin da ya tara ruwa.

Na zauna a kan turmi, na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, da zafin ransa da guntun hannunsa. Ka yafe masa tsawar da ya yi mana, ka lissafa masa duk ɗan da ya koma gida wurin uwarsa da ƙafafunsa saboda ita. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi. Mu da ya bar wa sauran aikin, ka ba mu ikon ƙarasawa. Amin.